Azumi Biyu a Birnin Damagaram

Mahaifiyata 'yar Damagaram ce, haifaffiyar Birni, aure ne ya kai ta ƙasar Katsina tun tana da ƙuruciya. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta daina ƙirga kuɗi da dala ba, ba ta kuma yarda akwai alkakin da ya kai na garinsu ba. Ni kuwa na shiga ɗarikar Katolika da girmana, ina malamin makaranta, na auri 'yar gidan Maguzawan wajen Malumfashi wadda iyayenta suka riga ni karɓar baftisma. Tun daga nan hanyar Damagaram ta yi mini nisa, alhali daga Kano ba ta wuce kilomita 240 ba. Babu wanda ya ce kada in zo. Babu kuma wanda ya ce in zo, kuma duk Bahaushe ya san irin wannan shirun.

A farkon 2025 sai ga saƙon murya a wayar yayata, daga ƙanen mahaifiyarmu, wanda shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Ya ce a gaya wa yaron nan shi fa ya tsufa, ya kawo masa jikarsa ya gan ta tun idonsa na gani. A shekarar nan watan Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka kuma ta faɗo ran 5 ga wata, wato azuminsu da namu na kwana arba'in suka taho kafaɗa da kafaɗa. A cikinsu muka tashi, ni da babbar 'yata.

Muka bi ta Kazaure da Daura zuwa Kwangwalam, muka tsallaka Ɗan Barto. Fuskoki ba su sake ba, gonakin gero da itatuwan gawo ba su sake ba, sai kakin jami'ai da rubutun allunan hanya. Iyakar nan ta yi watanni a rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kuma hirar cikin mota duk a kan abin da rufewar ta jawo take: wanda kayansa suka lalace a tasha, wadda ta kasa zuwa jana'izar uwarta a Magarya, yadda naira ta sunkuya a gaban sefa. Da aka tsaya sallar azahar a Matamai na zauna a inuwa. Wani dattijo ya dube ni, ya dubi ɗan gicciyen da ke wuyan yarinyar, sannan ya ce in sa masa ido a kan buhunsa kafin ya idar.

Da muka shiga ƙasar Kance na rufe bakina, domin akwai mutumin da na daɗe ina so in ga inda aka haife shi. Dorugu ke nan, yaron da mahara suka kama a wannan yanki, bauta ta kai shi har Kukawa, inda Bature Adolf Overweg ya 'yanta shi. Bayan Overweg ya mutu a 1852 ya bi Heinrich Barth har Timbuktu, a 1855 kuma ya bi shi Ingila. Can wani mai wa'azi, J. F. Schön, ya zaunar da shi yana rubuta abin da ke fita daga bakinsa, labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, waɗanda daga baya suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Da taimakonsa ne kuma Schön ya juya wasu sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Cikakken littafin bai fito ba sai 1932, da aikin Dokta Miller na Zariya da abokansa, amma Hausar farko da ta ɗauki Bishara a rubutun boko akwai bakin ɗan ƙasar Damagaram a cikinta. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano, yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, ya rasu a 1912. Ina kallon yara masu tallan ƙuli-ƙuli a bakin titi, sa'o'insa lokacin da aka sace shi, ina tunanin cewa littafin da ke cikin jakata ya biyo ta hannun yaron da aka raba da uwarsa da ƙarfi. Ban taɓa buɗe shi da wannan sanin a raina ba sai daga ranar nan.

Daga Takeita mota ta juya gabas. Muka wuce Tirmini, inda sojojin Faransa suka karya rundunar Damagaram a ƙarshen Yulin 1899. Ba a jima ba manyan duwatsun garin suka bayyana, jibga-jibgai, wani a kan wani, gidajen ƙasa sun lafe a gindinsu.

Gidan Kawu yana cikin lungunan Birni, inda mota ba ta shiga. Mun same shi a zaure kan buzu, alluna jingine da bango, almajirai sun tafi nema. Na cire takalmi na durƙusa.

"Kawu, mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ka ga hanya yau?"

Bai jira amsa ba. Ya miƙa hannu ya jawo yarinyar, ya ce ashe amaryarsa ce aka ɓoye masa shekara da shekaru, ya ce ta yi masa tsada amma zai biya. Ita da ba ta saba da wasan kakanni irin na gidan malamai ba, sai ta dube ni, na gyaɗa mata kai, ta ce ai shi ya tsufa, ba ta so. Dariyar da ya yi ce ta fito da matarsa Inna daga cikin gida. Ta tsaya tana kallon yarinyar, ta kira sunan mahaifiyata, ta sa gefen zane ta share ido.

Gidan da ake azumi ba a hura wuta da rana sai don yara, ni kuma ban ga yadda zan zauna ina tauna a gaban dattijon da ya haura tamanin yana kame da baki ba. Sai na bi su. Na tashi sahur tare da su, na sha ruwa tare da su da dabino da kunu da ƙosai. Ikilisiya ba ta ɗora mini haka ba. Abin da ta wajabta kaɗan ne: a rage ci ran Larabar Toka da Juma'ar da muke tunawa da mutuwar Almasihu, a bar nama kowace Juma'a ta kwana arba'in ɗin, sauran kuma mutum ya zaɓi abin da zai hana kansa, ya ƙara addu'a da sadaka. Da na yi wa Inna wannan bayani ta riƙe haɓa.

"To wane irin azumi ne ake shan ruwa a cikinsa?"

"Inna, naku ya fi wuya ga jiki. Wannan ba gardama."

Ban faɗa don in faranta mata ba. Wanda bai ga zafin Maris a Damagaram ba, bai ga mai garuwa yana tura kura cike da jarkoki da tsakar rana bakinsa a bushe ba, bai san abin da musulmin Sahel ke bai wa Allah a wannan wata ba. Ran Juma'a da aka jera kwanonin shan ruwa, sai na tarar an ware mini dambun zogale da ƙuli, babu nama. Ban roƙa ba. Sau ɗaya ta ji, ta riƙe.

Da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, ɗan Kawu ya zaga da mu. Fadar Sarki tana nan da katangarta mai kauri, dogarai da jajayen riguna a ƙofa. Masarautar ta faro ne a ƙarni na 18 tana biyan gaisuwa ga Barno, amma Tanimu, wanda ya mulki garin har 1884, shi ya mai da ita abin tsoro: ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, fatake daga Tarabulus da Gat suka cika Zango da haja. Har yau akwai guntayen ganuwar, ruwan sama na cinsu kaɗan-kaɗan. Wanda ke son labarin dalla-dalla ya nemi littafin André Salifou na 1971 a kan Damagaram a ƙarni na 19. Ɗan garin ne, jami'ar Zinder, wato Damagaram ɗin, ma sunansa take ɗauke da shi yanzu. Ɗan Kawu bai bar ni na manta ba cewa Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har Gezawa a 1898, a bakin ƙofar Kano. A shekarar nan ce kuma aka kashe Kyaftin Cazemajou a garin, abin da Faransa ta zo ramawa a Tirmini. Bayan sun ci garin suka mai da shi hedikwatar mulkinsu, har 1926 da suka kwashe suka koma Yamai, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka bayar. Mutanen Damagaram ba su manta da wannan ƙaura ba, ruwan ma bai gama wadata ba. A gidan Kawu ranar da famfo ya kawo, ko tsakar dare ne, kowa tashi yake a cika randuna.

Abin da ya fi tsaya mini a yawon nan fuskokin gidaje ne. Maginan Birni da Zango suna zana bango da hannu tun yumɓu na ɗanye, dagi da takobi da zobba, wasu a shafe da farar ƙasa, wasu da shuni. Yarinyar ta tsaya a gaban wani tsohon gida tana bin zanen da yatsa, ta tambaye ni ko kakarta ta taɓa wucewa ta nan. Na ce ai ta nan ake zuwa rijiya, ba makawa ta wuce.

Cocin Katolika yana wajen Birni, sunan Tereza ta Yaro Yesu yake ɗauke da shi. Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari ba a Nijar, kuma tarihinsu a nan gajere ne. 'Yan mishan na SIM suka fara sauka a Zinder a 1924. Katolika sun fara daga Yamai a 1931 da Fada François Faroud, daga baya suka iso gabas. A 2001 aka yanke Maraɗi ta zama dayosis mai zaman kanta, da Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop na farko, kuma ƙarƙashinta Zinder take, tare da Tawa da Agadas da Difa, ƙasa mai faɗin gaske da tsirarun masu bi. Ran Lahadi na zauna a baya ina kallon jama'a: teloli da makanikai 'yan Benin da Togo, ma'aikata 'yan Burkina, Ibo masu sayar da kayan gyaran babur, ɗalibai, da 'yan ƙasa ƙalilan. Faransancina bai taka kara ya karya ba, amma Misa ɗaya ce ko'ina, na san inda ake tashi da inda ake durƙusawa. Da aka ɗauko waƙa da Hausa aka buga ganga, sai na ji kamar ina Malumfashi a cikin 'yan Zumuntar Mata.

Duk wanda ke cikin ɗakin nan da ya daɗe a garin yana ɗauke da 16 ga Janairun 2015. Ran Juma'a ce. Jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, kuma an gan shi a jerin gwanon nuna goyon baya ga jaridar a birnin Paris kwana biyar kafin nan. Bayan an sauko daga masallaci zanga-zanga ta rikiɗe. Aka ƙona cibiyar al'adun Faransa, aka ƙona coci-coci, har da wannan, da makarantar mishan da shagunan Kirista. Kashegari wutar ta kama Yamai. Mutum goma suka mutu a garuruwan biyu, ɗaruruwan Kiristan Zinder kuma sai a barikin soja suka sami mafaka. Ba shi ne karo na farko ba, don a Satumbar 2012 ma an far wa cocin saboda wani fim da aka yi a Amurka.

Zan faɗi ra'ayina a fili. Zanen nan ya ɓata mini rai, domin wanda aka ci wa mutunci shi ne wanda mahaifiyata ke yi wa salati tana daka, tana shara, tana goya ni. Ban ga 'yanci a cikin wulaƙanta abin da talaka ya fi ƙauna a duniya ba. Amma matar da ke sayar da waina a ƙofar cocin Zinder ba ta taɓa ganin jaridar ba, ba ta san inda Paris take ba. An rasa mai laifi a kusa, aka huce a kan maƙwabci. Wata dattijuwa da muka gaisa bayan Misa ta ce mini abin da ya fi ƙona mata rai, ta gane wasu daga cikin yaran, ta san iyayensu, akwai wanda ta taɓa yi wa uwarsa wankan jego a unguwa. Ta faɗa ba tare da ɗaga murya ba, ta ce har yanzu suna gaisawa.

Su wane ne yaran? Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, 'yar garin, wanda ya fito a 2021, ya ga irinsu a unguwar Kara-Kara, inda tun zamanin Turawa ake tura kutare da waɗanda gari ya ƙi. Samari majiya ƙarfi, babu makaranta, babu sana'a, suna ɗaga ƙarfe suna sayar da man fetur na sumoga a kwalabe, a garin da matatar mai take aiki a gefensa tun 2011. Wannan ba ya wanke kowa. Amma wanda ya ce addini kaɗai ya kunna wutar nan bai zaga Kara-Kara ba.

Da dare na tambayi Kawu inda yake a ranar. Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba. Sannan ya ce ya kulle zaure da kansa ya sa makulli a aljihu, ya gaya wa almajiransa duk wanda ya haura katanga kada ya dawo masa. Ya ce matar wani tela ɗan Togo da 'ya'yanta sun kwana a ɗakin Inna har ƙura ta lafa. "Maƙwabci yana da hakki ko ba ya salla," in ji shi. "Wannan ba alfarma na yi ba, karatu ne." Daga nan ya koma kan lazuminsa.

Dararen nan su ne suka fi mini komai a tafiyar. Bayan tarawihi gida ya yi tsit, Kawu na zaure da Dala'ilu a hannu yana bi a hankali da murya ƙasa-ƙasa, ni ina tsakar gida kan tabarma da fitilar waya da nawa littattafan. A nan na gane daga inda na koyi karatun da nake yi wa Zabura da Bishara kowace asuba. A makarantar allo na koya, tun kafin in san boko: a ɗauki kaɗan, a faɗa da baki, a maimaita har ya zauna, kada a wanke allo sai an riƙe. Sufayen Ikilisiya ma haka suka yi ɗaruruwan shekaru, suna tauna aya guda tun safe har dare. Fadan da ya shirya ni baftisma ya yi mamakin yadda nake haddace sura, ni kuwa na san bulalar wane malami ce ta sa.

Littafin da na ɗauko don tafiyar shi ne na Agustin, wanda a cikinsa yake ba Allah labarin rayuwarsa. Ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a garin Tagaste, cikin Aljeriya ta yau. Uwarsa Monika ta yi shekaru tana kuka tana roƙon Allah ya juyo da ɗanta zuwa ga bangaskiyarta, har ta ga an yi masa baftisma a 387, ta mutu a shekarar da ranta a kwance. Kiristoci na son wannan labari, iyaye mata musamman. Ni kuwa duk lokacin da na karanta shi sai ƙirjina ya yi nauyi, domin nawa a juye yake. Tawa uwar ma ta yi shekaru tana tashi cikin dare saboda ni, ta yi sadaka, ta sa an yi sauka, tana roƙon Allah ya dawo mata da ɗanta, kuma ta rasu ba ta ga abin da ta roƙa ba. Karanta wannan a gidan da aka haife ta, a tsakar gidan da ta yi rarrafe, ba abu ne mai sauƙi ba.

Ban bar addinin iyayena don na ga aibu a zamansu ba. Yesu na cikin Bishara ne ya kama ni, wanda ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, kuma na kasa sakinsa ko da na ga abin da zai jawo. Na gaskata abin da na gaskata, ba na sassauta shi don a so ni. Amma ban taɓa yarda cewa hawayen mahaifiyata sun zube a banza ba. Babban taron bishop-bishop na Vatican ya faɗa a takardunsa na 1964 da 1965 cewa Ikilisiya na duban musulmi da girmamawa, kuma suna bauta wa Allah ɗaya, Mai jinƙai, Mai hukunci a ranar ƙarshe. Idan haka ne, to Wanda ta kai wa kukanta ya ji ta. Yadda ya amsa mata kuwa yana wurinsa. Nakan tuna da Charles de Foucauld, sojan Faransa da ya watsar da addini, wanda ganin musulmin Maroko na salla ya tayar masa da neman Allah, ya ƙare a matsayin sufi a Tamanrasset cikin Abzinawa har aka kashe shi a 1916. Shi baƙo ne ya gani daga nesa. Ni a cinyar mai sallar na girma.

Wata safiya Kawu ya ga Littafi Mai Tsarki nawa a kan tabarma, bangonsa ya yage, na ɗaure shi da roba. Bai taɓa shi ba. Ya kira wani almajiri ya ce ya kai ni wurin badukunsa a kasuwar Dole, wanda ke yi masa gafaka. "Littafin da mutum ke karantawa kullum ba a barinsa haka," ya ce. Dukawan Damagaram sun yi suna tun zamanin ayari, kuma na ga dalili: jar fatar akuya mai laushi, ɗinki ƙanana a jere, bakin an naɗe shi da kore. Badukun ya juya littafin, ya ga abin da yake, ya auna shi da zare, ya faɗi kuɗinsa. Da na je biya ya ce Malam ya riga ya aiko.

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya warware. Akwai maganar gado. Lokacin da mahaifiyata ta rasu, Kawu ne ya zo ya raba abin da ta bari, kuma bisa fiƙihun Malikiyya da ya karanta a Risala, wanda ba musulmi ba ba ya gadon musulmi. Ban sami ko tsinke ba. Ba dukiyar ce ta dame ni ba, don ba ta da yawa. Zaman da na yi a gefe ana kiran sunayen 'ya'yanta ana tsallake nawa, shi ne ya daɗe yana ci na. Shi ya tayar da zancen da kansa, ana gobe za mu tafi. Ya ce hukunci ne, ba shi ya yanke ba, kuma ko yau aka sake haka zai raba. Na ce na sani, Kawu. Ya ce amma kyauta ba ta da wannan shamaki. Ya sa Inna ta fito da wasu tasoshi da munduwar azurfa na kakarmu, ya ce na amaryarsa ne, a ajiye mata.

Akwai kuma abin da ba mu taɓa ba sam. In na mutu, wa zai wanke ni, a wace maƙabarta? 'Yan'uwana za su tsaya a bakin coci ko za su shiga? Ranar da Kawu zai cika, zan bi gawarsa har kushewa, amma in an yi sahu zan koma gefe. Inna ma ta jefo wata, rabi wasa rabi gaske, cewa ga jikanta namiji ga 'yata, me zai hana a yi tuwona maina in sun girma, tunda shari'a ba ta hana musulmi auren Kirista ba. Na yi murmushi na ce sai abin da Allah ya yi, amma na san daren da zan gaya wa matata wannan magana ba za mu yi barci da wuri ba. Mun ga irin auren, mun ga wanda ya yi albarka, mun ga wanda yarinya ta wayi gari ba ta da coci ba ta da dangi.

Yarinyar kuwa ba ta ɗauki duk wannan nauyi ba. Ta koyi ɗaukar tulu, ta koyi cewa lakwal maimakon makaranta, ta bi 'yan'uwanta kallon tashe. Wata ƙaramar 'yar'uwarta ta tambaye ta don me ba ta salla, ta ce tana yi, irin tasu daban ce, ta nuna mata rosarinta. Waccan ta ƙirga 'ya'yan, ta ce na Kaka ya fi yawa, suka ci gaba da 'yar carafke. Da dare na ji ta tana addu'ar kwanciya, ta sa sunan Kaka da Inna a cikin waɗanda take roƙa wa lafiya, ba wanda ya ce ta sa. Tereza da cocin garin ke ɗauke da sunanta ta mutu a 1897 tana da shekara 24, abin da ta bari shi ne koyarwar cewa a yi ƙananan ayyuka na yau da kullum da ƙauna mai yawa. Na daɗe ina ganin koyarwar ta yi sauƙi da yawa. A gidan da tsohuwa ke tuna ranar da baƙonta ba ya cin nama, alhali ita ko ruwa ba ta sha, na sake ra'ayi.

Da muka zo sallama, Kawu ya ɗora hannu a kan yarinyar ya yi mata addu'a doguwa, ni ma ya yi mini, ya roƙa mini shiriya kamar yadda yayarsa ta saba roƙa mini. Na ce amin, domin shiriya ba wanda ya ƙoshi da ita. Inna kuwa ta riƙe ni a soro da wata takarda da jikarta ta rubuta mata. Bayan Babbar Salla za a aurar da 'yar ɗan Kawu, kuma an ɗora mini sayen atamfar anko daga Kantin Kwari, turmi goma sha biyu, kada in yarda a ba ni mai zuba. Ta ce kuma in zo da uwar yarinyar, ko ita ba ta da ƙafa ne? Na isar da saƙon a daren da muka koma Kano. Matata ta karɓi takardar ta duba, ta ce ni ban san atamfa ba, ita za ta shiga kasuwar, in dai nemo mata lambar Inna su yi magana a kan launi.